Kalandar Asibitin Ido

Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya idon? Ina fata maigidan da yara duk lafiya. Na san wayarki ce ke karanta miki wannan da muryar nan tata ta hanci, ki yi haƙuri da ita.

Albishirinki! Ni aka ba aikin gina shafin intanet na asibitin idon da kike zuwa, inda za a riƙa zaɓar ranar ganin likita. Tun ranar da na ji kina roƙon maƙwabciya ta latsa miki waya abin yake ci min rai. Na yi alkawari, wannan shafin da kanki za ki yi amfani da shi.

Mu masu wannan sana'a ba komai muke ƙerawa ba. Akwai abin da muke kira laburare, wato kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta, sai mu ɗauka mu ɗora. Na samo wata mai kalanda, ga kyau, kuma wayarki za ta iya karanta kowace rana a cikinta. Har na fara hura wa abokan aiki hanci.

Ki gaida kowa.
Taki, Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan maganin ɗigawar yana karɓar ki.

Wayyo, na yi abin kunya! Mako biyu ina gini a kan laburaren nan ban karanta lasisinta ba. Lauyar asibitin ce ta karanta, wata mata da ko dariya ba ta yi. Ashe sharaɗin shi ne duk wanda ya haɗa ta cikin aikinsa sai ya saki nasa rubutun gaba ɗaya ga kowa. Rabin shafin kuwa asibitin daga wani kamfani ya sayo, ba su da ikon sakinsa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shugabana ya ce a koma ga wata mai sassauƙan lasisi. Na kunna mai karanta rubutu, na rufe idona na gwada ta. Yaya, maɓalli, maɓalli kawai take faɗa har sau talatin, ba rana ba wata. Da na yi ƙorafi sai shugaban ya ce ai masu irin wannan buƙata ba su da yawa. A asibitin ido fa! Na fita kan matakala na sha kukana, don fuskarki nake gani.

Da na huce na zauna na karanta lasisin ta biyun kalma bayan kalma, tun da wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta yarda a gyara ta yadda ake so, muddin an bar sunan masu ita. Na roƙi shugabana mako guda in gyara ta, ya ba ni da kyar. In ban gama ba, haka za a sake ta.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Yayata,

Gaisuwa da kewa. Ya kwanan yara?

Na koya wa kowane maɓalli faɗin ranarsa, lauya ta sa hannu, jiya aka buɗe shafin. Ban gaya miki ba don ina tsoron kada ya ba ni kunya. Yau da safe ina duba jerin waɗanda suka yi rajista, sai ga sunanki na huɗu. Na yi ihu har mai shara ta yar da tsintsiya.

Amma ke ma da wayo kike. Ranaku talatin a gabanki, kika zaɓi Laraba ƙarfe goma, lokacin da kika san ina taro ba zan iya raka ki ba. Na gane so kike ki je da kanki, kuma ba zan zo ba, ko da zuciyata za ta bi ki. Ki dai kira ni in kin isa.

Ƙanwarki mai alfahari da ke,
Auta