Ƙunshin da Na Kai wa Dutse

Sumberwangi,
ranar Talata.

Zuwa ga mijina, Mas Gunadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma aikin jiragen ruwa a Batam bai cinye min kai ba. Tarin nan ya sake ka? Intanet ta ɗauke tun da dutsenmu mai aman wuta ya fara zubo toka, shi ya sa na ba direban motar kabeji wannan takarda.

Ibu, mahaifiyarka, lafiyarta ƙalau. Tana makarantar da aka tara mutanen ƙauye, tana yi wa kowa faɗa. Shanunta biyu suna can ƙauye a saman dutse ba mai ba su ciyawa, ta rantse jibi za ta hau, ko da izini ko babu. Ka san halinta.

Ni kuwa ina ɗakin masu gadin dutse wurin Pak Sarjito, wanda bakinsa ake jira kafin kowa ya hau. Kwamfutarsa ta sha toka ta mutu, aka aiko masa da wata 'yar mitsitsiya, ba ta kai tafin hannunka ba. Manhajar da na rubuta don karanta na'urar jin motsin ƙasa ta ƙi tashi a kanta.

Kar ka yi hamma, zan gajarta. Abin da aka rubuta da harshen kwamfuta na Java yana aiki a kowace kwamfuta, amma in zai yi magana da wayar na'ura sai da ɗan tafinta, wanda muke kira laburare, kuma kowane irin inji da nasa. Na cusa na Windows da na Mac da na Linux a ƙunshi ɗaya, manhajar ta zaɓi wanda ya dace da kanta. Wannan 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwarta daban ce, babu nata a ciki. Pak Sarjito ya leƙa allo ya ce, “To 'yar birni, kin kawo mana takalma kala-kala, babu mai shiga ƙafarmu.”

Ya yi dariya, amma na ga damuwa a idonsa. Dutsen yana gurnani, shi kuma ba ya ganin komai. Tsoro nake ji, Mas. Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Wening

Sumberwangi,
ranar Asabar.

Mas Gunadi, abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kewa, da fatan ka samu sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta.

A ofishinmu akwai wata doka da muke yi wa tsaki: duk ƙunshin da zai fita, sai an haɗa da asalin rubutun da ake ƙera tafintan da shi, ko da ya ƙara nauyi. Ita ta cece mu. Na zaro rubutun, na sa 'yar kwamfutar ta ƙera nata da kanta. Ta yi zafi kamar dutsen guga, Pak Sarjito yana yi mata fifita da hularsa yana cewa, “Yi haƙuri, ƙanwata, kusa ne.” Da ta gama, na mayar da sabon tafintan cikin ƙunshin, na kunna.

Sai ga layi a allo. Mas, ban san yadda zan faɗa maka ba. Siririn zare ne kore, yana hawa yana sauka a hankali, kamar ƙirjin mai barci. Tun da na zo garin nan amarya nake kallon dutsen nan, ban taɓa sanin yana numfashi ba. Tsigar jikina ta tashi. Girman Allah ya cika min zuciya har na ji kunyar ƙanƙantata.

Da layin ya kwana biyu a natse, Pak Sarjito ya yarda a hau a kwaso dabbobi, da sharaɗin kowa ya juyo in ya ji jiniya. Ibu ce a gaba. Na zauna ina kallon zaren nan, na san tana can a kan dutsen. Wajen hantsi ya fara kaɗawa, sannan ya cika allo da zane. Ƙasa ba ta motsa a ƙafata ba, kofin shayi ma bai girgiza ba, tsuntsaye suna ta kukansu. Nan take Pak Sarjito ya danna jiniya.

Sun sauko a guje, da shanu da awaki da kaji a ƙarƙashin hammata. Ana kiran azahar dutsen ya yi amai. Wani gajimare mai toka ya gangaro ta kwarin ƙauyenku, ba ƙara, sai sauri, ya shafe hanyar da suka bi. Muka tsaya muna kallo. Gidanku babu shi, Mas. Bishiyar mangwaron babanka ma ta tafi.

Ibu ta sauko da saniya ɗaya, ɗayar ta tsinke igiya ta gudu. Ta zo har ɗakin gadi ta ƙare wa 'yar kwamfutar kallo ta ce, “Wannan abin ne ya hana ni kamo Melati? Ai da kin ce masa ya ɗan jira!” Daga nan ta riƙe hannuna, ta ƙi saki har muka iso makaranta.

Na aika wa sauran ɗakunan gadi sabon ƙunshin ta hannun direba. Yanzu la'asar ce, Ibu tana kwance a tabarma kusa da ni, toka a gashinta, tana minshari. Sai ajiye biro nake yi ina saurarenta.

Ka zo gida, don Allah. Tana gaishe ka, ko da ba ta faɗa ba.

Taka har kullum,
Wening