Haƙorin Rakiya da Tambayoyin Mai Faci

Zuwa ga Likita, shugaban ɗakin gyaran haƙori da muke zuwa a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Isufu, mai facin taya a bakin tashar Gure. Karatuna na lakwal a aji huɗu ya tsaya, ranar da mushe, wato malaminmu, ya gane cewa ni da lissafi ba za mu taɓa zama 'yan uwa ba. In ka ga kuskure a rubutun nan, ka ɗora wa wannan rana.

Ɗiyata Rakiya tana koyar da yara a Kelle. Shekara uku da suka wuce ta faɗo daga babur, haƙorinta na gaba ya karye. Kai da hannunka ka rufa masa hular tangaran, ina tsaye. Ta zauna daram har sai da Rakiya ta gamu da ƙwallon dabino bara, tangaran ya tsage. Wannan laifin dabino ne, ban kawo ƙararsa ba. Amma sabuwar hular da mataimakinka ya liƙa ta faɗi sau uku daga ƙaramar salla zuwa yau, na ƙarshe a gaban 'yan aji, tana tsakar koya musu karatu. Yanzu ya ce gindin haƙorin ne ba ya riƙo, ta zo Litinin mai zuwa a cire shi.

Ga abin da ya hana ni yarda.

Na ɗaya. Ran da ka yi naka aikin, ka shimfiɗa wata roba a bakinta, haƙori ɗaya kawai ya leƙo, don kada yawu ya taɓa shi. Shi kuwa mataimakinka auduga ya cusa, yana aiki yana amsa waya. Likita, ko tayar amalanke ba na liƙa wa faci tana jiƙe.

Na biyu. Na ga ka shafa wani magani a cikin hular, ka ce yana cin fuskar tangaran ta yi kaushi don gam ya samu wurin kamawa. Ka wanke, ka busar, ka ɗiga wani ruwa daga 'yar kwalba, ka jira kana duban agogo. Na ji daɗi ƙwarai, don ashe sana'armu ɗaya, kai dai ka fi ni farar riga: a kankare, a goge, a shafa sholisho, a jira ya sha iska. Shi sau uku ina kallo, ban ga maganin kaushin ba. 'Yar kwalbar kuwa sau ɗaya ya ɗauko ta, bakinta ya yi ɓawo, kuma wurin da ake rubuta ranar lalacewa an manna masa takarda. Wa ya manna, kuma me ake rufewa?

Na uku. Fitilar nan mai shuɗin haske da ke busar da gam, kai ka zagaya da ita gaba da baya. Shi ya haska kamar mai neman takalmi a ƙofar masallaci, ya kashe.

Na huɗu, kuma shi ne babba. Duk sanda hular ta faɗi ina juya ta in duba. Cikinta fes, sumul kamar sabon faranti. Gam ɗin duka yana jikin haƙorin, har sai ya kankare shi, yana haɗawa da ɗan abin da ya rage na haƙorin. A wurinmu, in faci ya ɓalle, ɓangaren da ya fito tas shi ne wanda ba a gyara ba. To yaya aka yi haƙorin da ya riƙe gam ya zama mai laifi, tangaran da ya sake shi ya zama mai gaskiya?

Ban ce an ci amana ba, zato zunubi ne. Amma ina zargin maganin ya ƙare ko ya lalace, aka ji kunyar faɗa, aka ga cire haƙori ya fi sauƙi.

Roƙona: kada a sa ƙarfe a bakin Rakiya sai ka duba da idonka. A ɓare takardar nan a gabanka. In magani ne babu, a faɗa mana, mu jira, ina da direbobin da za su nemo shi ko daga ina ne. In kai ka duba ka ce gindin ya mutu, zan yi shiru in koma kan tayoyina.

Yarinyar nan da dariya aka san ta, gadona ke nan kaɗai da ta ci. Yanzu da gefen mayafi a baki take koyarwa. Hular tana nan a kwalin ashana cikin aljihuna, kusa da gwangwanin sholisho, kuma jiya uwarta ta kama ni ina kallonsu su biyun. Ka taimaka kafin in zama abokin aikinka.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare hannunka daga kuskure, ya bar maka haƙoranka talatin da biyu.

Wassalam.

Isufu mai faci, bakin tasha, Gure.