Ɗari Ya Zo, Ku Shigo Da Su

Utaibiyya, Makka

Kaka Ɗan'auta,

Assalamu alaikum. Ni ce Lujain, jikar yayarka Ɗaso. An ce kunnenka ba ya jin waya, shi ya sa na rubuta, yayana Nawaf zai ɗauki hoton wasiƙar ya turo maka. Ka yi haƙuri da Hausata, ta gida ce kawai.

Tun da shita ta shigo, wato hunturu, Sitti Ɗaso ta ƙi cin abincin yamma. Da magariba sai ta zauna bakin ƙofa tana cewa, "Ɗari ya zo, ku shigo da su." Na leƙa har titi, ba ko mutum ɗaya, balle mutum ɗari. Daktur ya ce tsufa ne, khalas. Amma tana ramewa, kuma ina jin tsoro. Su wane ne ɗarin nan? Alhazai ne? Dangi ne?

Jikarka,
Lujain

Illela

Amaryata Lujain,

Wa alaikumus salam. Na yi dariya har tari ya kama ni, daga baya kuma na yi hawaye. Wato ku 'yan Makka ɗarin lissafi kaɗai kuka sani. Ɗarin da Yaya take nufi sanyi ne, irin mai tsaga ƙafa.

Ba a gaya miki ba ne? A ƙasa iyayenmu suka nufi Makka da mu. Guzuri ya ƙare mana a wani fili a Sudan, babu dutse babu itace, ciyawa ce iya ganinki. Nan muka kafa bukkoki, muka share gona, muka noma dawa shekara da shekaru kafin su haye teku, ni kuwa daga baya na juyo gida. Idan ɗari ya sauka, 'yan awaki ba sa kwana waje. A ɗaki suke kwana tare da mu, ga wutar kara a tsakiya. Ni ke koro su daga kiwo, Yaya ke tsaron ƙofa. Ba ta taɓa sa loma a baki ba sai mun shigo.

Ki tsaya bayan ƙofa ki ce, "Mun shigo, Yaya, ja asabari." Asabari labulen kara ne, kada ki je nemansa a kanti.

Ki gaida mutanen gida.
Angonki tsoho

Utaibiyya

Kaka,

Sallama. Wallahi ban taɓa sanin Sitti ta kwana da akuya ba, ita da ko kyanwa ba ta bari ta hau mana kujera! Ina da tambayoyi da yawa. Hayaƙin bai dame ku ba? Me kuke ci da safe?

Na faɗi maganar yadda ka rubuta, Nawaf yana ta dariya. Sitti ta tashi da kanta ta rufe ƙofa, ta wanke hannu. Ta ci, alhamdu lillah.

Sai dai rabi kawai take ci. Sauran ta rufe da faranti, ta hana kowa taɓawa. Na ce na wane ne? Ta ce, "Awaki sun shigo, amma wannan ba muryar Auta ba ce."

Nawaf ya ce zai nema maka bizar Umra. Kana da fasfo?

Jikarka,
Lujain

Illela

Lujain,

Sallama. Babu, amma gobe zan shiga Sakkwato in yi. Ki ce mata ta ci nata, Auta na bayan garke, yana tafe.

Ɗan'auta