Biskit ɗin Takwara

Asabar, 4 ga Oktoba

Su Auta sun zo yau kamar kowace Asabar, shi da matarsa da Takwara. Na yi kek ɗin nan mai bota da ƙwai da kowa ya san ni da shi. Auta ya ci yanka uku yana cewa shi zaƙi bai dame shi ba. Malam ya ɓoye nasa na biyu a ƙarƙashin jarida, wai shi a dole ban gani ba.

Takwara kuwa tana gefen kujera da 'yar kularta mai ruwan ɗorawa, wadda uwarta ke cikowa daga gida. Shekararta biyar, har yau ba ta taɓa cin abin da ya fito daga kicin ɗina ba. Wai jikinta ba ya karɓar madara da ƙwai da duk danginsu. Ni dai na raini nawa 'ya'yan, ban taɓa ganin ƙwai ya jawo wa yaro komai ba sai kumatu. Amma na kama bakina.

Da za su tafi ta leƙo kicin ta ce, "Kaka, kowa kina yi masa abu, ni ce dai ba kya yi wa." Ba kuka take ba, faɗa kawai ta yi ta juya. Yarinyar da aka sa wa sunana. Ko shayi na kasa sha.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na kira matar Auta na ce ta gaya mini abin da yarinyar ke iya ci, zan yi mata biskit. Ta ce, "Mama, don Allah kada ki wahalar da kanki." Na san fassarar wannan ladabin, ba yau aka haife ni ba.

Da na matsa ta ce ba madara, ba bota, ba ƙwai, ko cokalin da ya taɓa su kada ya shiga ciki. Na ce biskit ba bota ba ƙwai ai katako ne. Ta yi 'yar dariyar nan ta surukai, ta ce ita da ots da ayaba take yi. Sai ta ƙara da cewa in na yi, za ta so ta ga abin da aka sa tukuna.

A ga abin da aka sa. Ni da nake gashi tun ba a yaye ta ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na sayo ots ɗin. Hatsi ne da aka daddanne ya yi fale-fale. Malam ya leƙa ledar ya ce, "Kiwon awaki za mu fara ne, aka sayo dusa?" Na ce e, kuma shi ne akuyar farko, don shi zai riƙa ɗanɗanawa.

Ban auna komai ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To yau dai idon ya ba ni kunya. Na zabga fulawa don tsoron kada ya ƙi haɗuwa, abu ya fito daga obin ƙam. Malam ya ciza ɗaya, ya cire, ya duba haƙoransa a madubi, ya ce a ajiye sauran, ƙafar teburin falo dama tana rawa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na biyu ya wargaje tun a tire. Da cokali Malam ya ci.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ban nuna musu komai ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Malam ya sayo wa Takwara alewa. Kafin ta kai hannu uwar ta karɓa, ta juya bayan takardar tana karantawa layi-layi, sai ka ce mai duba jarrabawa. Daga nan ta ce, "Baba, a yi haƙuri, akwai madara," ta jefa a jaka. Malam ya yi yaƙe ya koma jaridarsa. Ya ba ni tausayi. Ita ma yarinyar ko tambaya ba ta yi ba, ta saba.

Ni abin da ke damuna, ko sau ɗaya ba a taɓa barinta ta yini a nan ita kaɗai ba. Duk sauran jikokina sun yi barci a gadon nan nawa, sun yi mini fitsari a katifa. Ita ce kawai baƙuwa a gidan kakarta.

Talata, 14 ga Oktoba

Alhamdu lillahi, na gano bakin zaren, kuma mantuwa ce ta gano mini. Ayabar da ta rage ta nuna har bayanta ya yi baƙi, na so zubarwa, sai na ce bari dai. Na murƙushe guda biyu da cokali mai yatsu, na zuba ots kofi ɗaya da rabi, ɗan man girki, kirfa, gishiri ɗan mitsitsi, na yayyanka dabino ƙanana a maimakon sukari. Ina cikin juyawa maƙwabciya ta buga ƙofa da labarin da ba ya ƙarewa. Kafin in dawo, ots ya sha ruwan ayabar, ƙullun ya kama kansa da kansa. Ashe hutu yake so kamar kowa.

Ba ya bajewa a wuta irin mai bota, sai an danna shi da bayan cokali. Wuta matsakaiciya, da gefen ya yi ja a fitar, kuma kada a taɓa sai ya huce a kan tiren. Gidan duk ya ɗauki ƙamshin kirfa.

Malam ya ci huɗu a tsaye. Na ce yaya? Ya ce bai gama bincike ba, a ƙaro.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Gobe ne. Na wanke kwano da cokali sau biyu da ruwan zafi, na kife su daban. A zo a ga abin da aka sa ɗin.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Tun safe na yi su, kuma ba su taɓa yin kyau kamar na yau ba. Na jera a farantin gilashin da ba na fitarwa sai ga manyan baƙi. Da suka zo na kira matar Auta kicin na nuna mata ledar ots, da kwalbar mai, da ɓawon ayaba. Ta karanta abin karantawa, ta gutsuri ɗaya ta tauna, ta ce, "Mama, wannan ai ya fi nawa." Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Aka zaunar da Takwara. Ta daɗe tana kallon farantin, ta ce, "Duka nawa ne?" Na ce duka, ko Malam ba ya da rabo. Na koma kicin in ɗebo mata ruwa. A nan na gan ta a gefen wurin wanke-wanke, takardar bota, a murɗe, tana maiƙo.

Ni ba na zubar da takardar da ake naɗe bota da ita. Ninkewa nake in tara a gwangwani cikin firij, duk ranar gashi in zaro ɗaya in goge tire don kada abu ya manne. Haka nake yi tun ina amarya. Yau ma hannuna ya je ya yi abinsa ina ta tunanin kirfa, ko tunawa ban yi ba. Sabo turken wawa.

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Na tsaya. Zuciyata ta ce ɗan maiƙo ne a gindin biskit, me zai yi? Ta ce in kika faɗa, shi ke nan, kin tabbatar wa matar Auta abin da take zato, kular nan za ta ci gaba da zuwa har ki mutu. Sai na hango Takwara ta ƙofa, ta zaɓi mafi girma tana juya shi tana neman gefen da ya fi dabino.

Ban san lokacin da na isa falo ba. Na fizge shi daga hannunta, na ɗauke farantin gaba ɗaya. Ta buɗe baki ta fasa kuka irin wanda ban taɓa ji daga gare ta ba. Auta ya miƙe yana "Mama, lafiya?" Na ce da bota na goge tiren. Haka na faɗa a gaban kowa, da takardar a hannuna.

Matar Auta ta miƙe. Ta kama hannun 'yarta ta wanke shi da sabulu har gwiwar hannu, ta duba leɓenta, ta tambaye ta ko ta lasa. Ba ta lasa ba. Ba su jima ba suka tafi. Takwara ta ƙi yi mini sallama, ta ɓoye fuska a kafaɗar ubanta.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Malam ya cinye biskit ɗin da shayi, kuma yau ko tsokana ɗaya bai yi ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, 21 ga Oktoba

Matar Auta ta biyo daga wurin aiki, ita kaɗai. Na shirya jin magana, na ce ko me ta faɗa na cancanta. Ta zauna a kujerar kicin, ta ɗauki wuƙa ta shiga taya ni yankan albasa ba tare da na sa ta ba.

Can ta fara ba ni labarin abin da ya faru lokacin Takwara na da shekara ɗaya da rabi. A gidan ƙawarta ne, aka ba yarinyar ruwa da cokalin da aka juya shayi mai madara. Ta ce kafin su kai titi leɓe ya kumbura, numfashi ya koma shaƙe-shaƙe, tana riƙe da ita a mota tana kiran sunanta. Sunana ke nan take kira. An gaya mini a lokacin cewa sun kwana asibiti, na ɗauka borin jini ne irin na yara, har na ce a shafa mata mai. Ban tambaya ba, su ma ba su so tayar mini da hankali ba.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Mama, ba wannan ya kawo ni ba." Ta ce tun daga ranar nan ita ce kullum mai ƙwace abu daga hannun 'yarta, a biki, a makaranta, a gidan 'yan'uwa, kowa na kallonta a matsayin mai tsirfa. "Ran Asabar ne karo na farko da wani ya riga ni."

Albasar nan ta yau mai yaji ce ƙwarai. Mu biyu duk ta same mu.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na sayi sabon tire, da kwano, da cokalin katako. Na ɗaura musu jan zare, na ware musu ɓangare guda a kabad. Da man girki zan riƙa shafe tiren, da ɗan buroshi sabo.

Takardun botar na zubar. Gwangwanin na ba Malam ya zuba ƙusoshi. Ya ce auren da aka yi shekara da shekaru ana yi yau ya mutu, Allah ya ba ni haƙurin rashi. Tsokana ta dawo, alhamdu lillahi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Da ƙyar Takwara ta shigo, tana laɓe bayan uwarta. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na ce, "Takwara, wancan na ranar nan Kaka ce ta yi kuskure, da ya sa miki ciwo. Wannan naki ne, tire ma naki ne, zo ki ga zarensa." Ta je ta duba zaren. Ta ce, "Ba za ki ƙwace ba?" Na ce ko Malam ya zo sai ya bi ta kaina.

Ta ciza. Manya huɗu mun zuba wa bakin yarinya ido. Ta tauna, ta haɗiye, ta sake cizawa. Sai da ta cinye ta ce, "Kaka, dabinon ya yi kaɗan."

Ji mini 'yar nan. Ba shakka sunana ta ci, har da bakin.

Ta ci uku. Na zauna kusa da ita ina kallon leɓenta har suka tafi, ba abin da ya same shi sai ɓurɓushin ots. Daɗin da na ji yau ban san da me zan kwatanta shi ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Su Auta suna da unguwa, suka ce ko za su bar mini Takwara zuwa yamma. Na ce to, in ba su da inda za su kai ta. Uwar ta ba ni jakar maganinta, ta nuna mini yadda ake allurar gaggawa. Na sa ta maimaita, na gwada a gabanta da murfin a rufe.

Mun yi biskit tare, ita ce mai murƙushe ayaba da zuba dabino, rabi a kwano rabi a baki. Malam ya dawo da wata alewa yana cewa mai kanti ya rantse babu madara. Na ce rantsuwar mai kanti ba ta shafe ni ba, ya ba ni tabaraunsa. Na karanta bayan takardar tun daga sama har ƙasa. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Wa nake gani haka kamar mai duba jarrabawa?" Ban kula shi ba. Rubutun ne ƙanana, dole mutum ya nutsu.

Ya kuma yi ƙorafin bota ta ƙare a firij tun makon jiya. Mantawa nake yi in na je kanti, ba wani abu ba. Shi ma ai rage ta zai fi masa.

Da rana ta yi barci a gadona, ƙafa ɗaya a kan filo.

Sai da suka zo ɗaukarta na lura da kular mai ruwan ɗorawa a kan tebur, inda uwar ta ajiye tun safe. Na ɗaga zan miƙa mata, na ji ba nauyi. Na buɗe, wayam, a wanke tas. Matar Auta tana gyara wa 'yarta takalmi, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Mama, a cika mana, na makaranta ne ran Litinin."

Na cika har murfin ya ƙi rufuwa, sai da na cire ɗaya. Gobe in sayo ayaba tun da wuri, don ta samu ta yi baƙi kafin Asabar.