Abin da na faɗa a wurin addu'a ne aka kai gaban dattawa

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku 'yan'uwa. Admin ka taimaka ka ɓoye sunana, mu Kirista ba mu da yawa a garinmu, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana huɗu ina azumi amma zuciyata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Ni gwauruwa ce, malamar firamare da ta yi ritaya, a Kaura Namoda nake zaune. Asalinmu Zuru, aikin jirgin ƙasa ne ya kawo maigidana nan tun Zamfara tana cikin jihar Sakkwato, a nan kuma muka binne shi. Lokacin da aka fara shari'a tsoro ya shiga mutanenmu ƙwarai, kowace Lahadi sai ka ga benci ya ƙara zama wayam, wannan ya kwashe iyali ya yi Jos, wancan ya yi Kaduna. A lokacin ne na shaƙu da wata 'yar'uwa a cocinmu, bari in kira ta Saratu ko da yake ba sunanta ba ne, tela ce a kusa da kasuwar hatsi. Mazanmu duka biyu suna maganar tashi, mu kuma muka ce a bari mu tambayi Allah tukuna. Muka sa ranar Laraba da yamma, ta rufe shago, mu shimfiɗa tabarma a bayan keken ɗinki mu durƙusa, da alkawarin duk abin da aka faɗa a wurin ba zai fita ba. Ƙarshe dai ba mu tashi ba, maƙwabtanmu Musulmi ma cewa suka yi ina za ku je, nan ne gida. Fiye da shekara ashirin muna wannan Larabar. Ita ta riƙe ni ranar da maigidana ya rasu, ni kuma na yi jinyarta sati biyu da aka yi mata aiki.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mini, Ishaku. Da ya gama makarantar poli ya samu aikin malamin gona a Shinkafi. Shekara uku da suka wuce ya zo gida, ya ƙi zama a kujera ya zauna a ƙasa, ya ce, "Mama, na musulunta. Ba wanda ya tilasta ni, ban so ki ji a bakin wani ba ne." Ba zan ɓoye muku ba, wata takwas ban ɗauki wayarsa ba. Kuka da azumi kawai nake, har na rame. Saratu ce da bakinta ta ce mini uwa ba ta yar da ɗa, in na rufe masa ƙofa ta ina zai ga ƙaunar Kristi. Da zai yi aure ma ita ta ɗinka atamfar da na kai wa amaryar, ta ƙi karɓar kuɗin ɗinki.

Daga nan na fara zuwa Shinkafi wata-wata, duk da yadda hanyar ta zama. Laifina a nan, kuma na amsa shi, in an tambaye ni a coci sai in ce Zurmi za ni wurin ƙanwar maigidana, don na gaji da kallon tausayi da ake yi mini. Matarsa Hadiza 'yar gidan malamai ce, uwarta ta rasu tun tana ƙarama, yarinyar nan har ƙasa take gaishe ni, in zan yi addu'ar safe ita take kawo mini tabarma ta ja ƙofa. Ba wanda ya taɓa ce mini in bar addinina a gidan. Duk wannan Saratu kaɗai ta sani. Har akwai wata Laraba da na fashe da kuka na ce, Ubangiji, in yaron nan ya sa goshi a ƙasa yana kiran ka, kana jin sa kuwa ko ba ka ji. Tambayar uwa ce da ta rasa yadda za ta yi, ba wa'azi na yi ba.

Watan jiya aka zo zaɓen shugabar Zumuntar Mata, mata suka ba da sunana da na Saratu. Ni ban ma nema ba. Saura sati guda fasto ya aiko in zo ofis, na tarar da shi da dattawa uku. Suka ce labari ya zo musu ina yi wa ikilisiya ƙarya a kan tafiye-tafiyena, ina yafa mayafi a gidan ɗana, na ci naman layya, kuma bangaskiyata tana rawa tunda har ina tambaya ko Allah yana karɓar sallar ɗana. Da na ji wannan ta ƙarshen na san daga inda maganar ta fito, don mutum ɗaya ce a duniya ta ji ta. Na amsa maganar ƙarya na roƙi gafara. Suka ce ba za su hana ni ƙaunar ɗana ba, in yana son ganina shi ya zo, amma mai koyar da yaran coci ba za ta riƙa kwana a can ba. Ko dai in daina zuwa, ko in ajiye makarantar Lahadi da nake koyarwa tun yaran da na fara da su ba su yi aure ba, in kuma zauna a ƙarƙashin horo wata shida ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kai a coci. Sun ba ni zuwa Lahadin nan bayan sujada.

Daga ofis shagon Saratu na wuce. Ba ta musa ba. Ta ce don ceton raina ta yi, wai lamirinta ba zai bar ta ta yi shiru a ɗora ni kan mata ba. Na tambaye ta ina lamirin yake ranar da take ɗinka atamfar amarya, ta ce wancan daban wannan daban, duk maganar nan ko ƙafarta ba ta ɗaga daga kan keke ba. An yi zaɓe ba ni, ta ci. Abin da ya fi ɗaure mini kai, shekaranjiya ta turo saƙo wai tana jira na mu yi addu'a kamar kullum. Ban amsa ba, na rasa me zan rubuta.

Yanzu ga inda abin ya tsaya. Hadiza tana cikin watan haihuwa, cikin fari. Ta kira ni da kanta ta ce, "Mama, ke nika jira, ba ni da wata uwa in ba ke ba." Ta roƙe ni in zo in zauna da ita har ta gama wankan jego, mahaifinta ma ya aiko cewa an gyara mini ɗaki. Da Ishaku ya ji abin da ake ciki sai ya ce kar in rasa cocina saboda shi, za su nemi wata tsohuwa a unguwa. Wannan maganar ta fi ta dattawa yi mini ciwo, wai jikana na fari wata ce za ta fara yi masa wanka ina raye.

Na yi tunanin komawa wata ikilisiya, amma cocin nan da hannunmu muka ɗebi yashin gininsa, kuma ba na so in tafi da fushi. Na yi tunanin in yi biyayya in zauna, sai in tuna muryar yarinyar nan. Wanda na je wurinsa duk sai ya jawo mini aya, wannan ta biyayya ga shugabanni, wancan ta ƙauna, kuma duka gaskiya ne. Ga Saratu, na san an umarce mu mu gafarta, bakina yana faɗa amma zuciyata ba ta kai ba, in na hango ta a gaban mata tana jagorar waƙa sai in kasa buɗe baki.

'Yan'uwa, musamman iyaye mata da suka taɓa shiga irin wannan, me zan faɗa wa dattawa ranar Lahadi? In karɓi horon in tafi Shinkafi, ko in riƙe yaran coci in bar nawa? Kuma wadda ta ɗauki kukan da na yi a gaban Allah ta kai ofis, gafarta mata yana nufin dole in sake durƙusawa kusa da ita? Ku sa ni a addu'a, amma don Allah kar ku tsaya a nan, ku faɗa mini abin da za ku yi da ku ne.