Zanen Matar Kifi

Alhaji, sallama da gaisuwa irin ta gida. Na san takardar nan ba za ta kai hannunka ba, amma bakina cike yake da labari, wa zan ba in ba kai ba?

Ranar Talata na fita takaba. Washegari ƙanenka Sale ya ɗauko wani mai sikeli, mai sayen tsofaffin ƙarafa, daga unguwar Bracodi, wai a auna tagullolin shagonka a kai wa masu narkarwa. Gumaka ne, in ji Sale, ba kayan gado ba. Abin da ka yi shekara talatin kana tsintowa daga tsofaffin gidajen Faransawa! Na faɗa tasin woro-woro, na riga su isa shagon a Treichville.

Ka san me na yi? Na ɗauko matar nan ta tagulla mai jelar kifi na kife ta a cinyata. Na nuna musu hatimin maƙeran da suka zuba ta, na ƙwanƙwasa da zobena yadda kake yi, don su ji amon tsohuwar tagulla. Na gaya musu tatsuniyar Turawa ce, adon falo, ba wanda ya taɓa yi mata sujada. Dokin nan mai fukafukai ma sai da na ba da labarinsa. Mai sikelin ya shafa matar kifin, ya ce wannan ba ta wuta ba ce, ya ɗauki sikelinsa ya wuce. Sale ya bi bayansa.

To bari in faɗi gaskiya. Duk mitar da nake yi in ka sa ni ɗinka wa tsirarun gumakan nan zanen ɗaurin ƙirji saboda idon maƙwabta, ta baki ce kawai. Ina bayan keken ɗinki a shagon ina sauraronka kana yi wa masu saye bayani, kaina sai ƙara girma yake. In mata suka ce da ni matar mai gumaka, a raina cewa nake wace ce mijinta ya san rabin abin da nawa ya sani. Me ya hana ni gaya maka?

'Yarmu Hadiza ke buɗe shagon yanzu. Faransancinta ya fi naka, kada ka ji haushi. Zanen matar kifin ya koɗe, sai na yanki gefen shuɗiyar shaddarka ta Juma'a na ɗinka mata sabo. Jiya wata mata daga unguwar Cocody ta taya matar kifin. Na ce a nuna mata dokin, wannan kam ba ta sayarwa ba ce.

Allah ya haskaka makwancinka.

Taka har kullum, Binta mai keken ɗinki, Williamsville.