Gyaɗar da Ba Ta Yi Ƙas Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Ni ne Sani. Na san ko da kina raye ba ki karanta boko, amma maganar ta cika mini ciki, kuma a gidan nan namu na Kaya duk wanda na faɗa wa sai ya mayar da ita abin dariya.

Inna, damina huɗu ke nan ba ni da lafiya. Da ruwa ya sauka sai atishawa, idanu su yi ja, ƙirji ya riƙa kuka kamar an shaƙe ɗan akuya. Ni da na fara da ɗaukar buhu a ka a kasuwar Mafara har na kai ga shago biyu, ni da ke ɗora shinkafa a mota daga Bakura ba mai kama mini, yau daga ƙofar gida zuwa masallaci sai na tsaya hutawa. Likita ya auna ni, ya tambayi inda nake kwana, ya ce hunhuna ce jikina ba ya so, wannan baƙi-baƙin da ke fitowa a bango in ya sha danshi. Ya ba ni abin shaƙa, ya ce magani na gaskiya shi ne in bar ɗakin.

Ɗakinki ne fa, Inna. Kin tuna abin da kika ce mini a ciwonki na ƙarshe: “Sani, kada ka bari ɗakin nan ya zama rumbu.” Na amsa miki. Bayan sadakar arba'in na koma cikinsa, na yi masa rufi sabo, na shafe bangon laka da siminti ciki da waje, don duk wanda ya shigo ya san ɗanki ba matsiyaci ba ne.

Da na kawo maganar likita gida, Baffa Ummaru ya ce sammu ne daga abokan kasuwa. Ya kawo wani hayaƙi aka turara ɗakin, ranar sai da aka fito da ni tsakar gida ana yi mini fifita. Gwaggo Asabe ta ce ciwon masu kuɗi ne, wai tun da na fara shan ruwan gora hancina ya yi laushi. Yaya Lawali kuwa dariya kawai ya yi, ya ce mu duka a ɗakin nan aka yanke mana cibi, bai taɓa kashe kowa ba. In na ciro abin shaƙar nan a gabansu sai in ga ana taɓa juna.

To ga abin da ya hana ni sakewa. Ɗakin da ke manne da naki ta baya na Yaya Lawali ne, kuma tun shekarar da kika tafi a nan yake jibge buhunan gyaɗarsa, jingine da bangon da kan gadona yake. Na roƙe shi sau uku ya janye su. Ya ce in ɗakin bai karɓe ni ba, ai ga ƙofa, shi yana da abin da zai zuba a ciki.

Ran Jumma'a da ta wuce na tarar da ɗakin nasa a buɗe. Na soka hannu cikin buhu, na ɓare ƙwaya ɗaya, na sa a haƙori. Ba ta yi ƙas ba, Inna. Laushi ta yi, ga warin ruma.

Ke kika koya mana wannan. Kina zaune gindin darbejiya da faifai a cinya, ki miƙa wa kowannenmu ƙwaya ɗaya ya ciza, ki ce: “Abin da bai yi ƙara a haƙori ba, ba ya kwana ƙarƙashin rufi.” Mu biyu kika koya wa, rana ɗaya, a tabarma ɗaya. Shi ne ma babba. Mutumin da ya shekara talatin yana noman gyaɗa, a ce bai san ɗanya ba? Ban ce da gangan ya yi ba, Allah ne masanin zuciya. Amma buhunan da yake kaiwa kasuwar Maradun na ciji nasu, ƙas suke yi. Na san in na sa wasiƙar nan a waya akwai masu karantawa su kai masa. Su kai. Ban ƙara ko gishiri ba.

Sai dai ba zan ɓoye miki nawa ba. Maginin da na kira ya ƙwanƙwasa bangon, simintin ya ɓantare, bayansa baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Ya ce laka numfashi take yi, ni na toshe mata hanci. Shekara arba'in kina yaɓe ɗakin nan da hannunki bai taɓa wari ba. Ni na zo da kuɗina na shaƙe shi, shi ma ya shaƙe ni. Wannan ban faɗa wa kowa a gida ba sai yau da na rubuta miki, don in Yaya Lawali ya ji, gyaɗarsa ta wanku ke nan.

Inna, zan tashi. Matata Luba ta ɗaure kaya, yara sun riga sun tafi Mafara. Na san ko sati ba za a yi ba buhu zai hau inda kike shimfiɗa buzunki. Na yi ta juya alkawarin nan a raina, na ga in na zauna, damina mai zuwa ɗakin zai zama rumbun dai, sai dai ba ni da rai balle in gani. Ki yafe mini. Ke ce ba ki iya jin tarina sau biyu ba ki taso ba.

Abu ɗaya na ɗauka, faifanki. Shi ma ya yi hunhuna a gefe. Luba ta wanke shi, na shanya shi kwana uku a rana, har ya yi ƙara da na ƙwanƙwasa.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki. In zargin da nake wa ɗanki gaskiya ne, Allah Ya shirye shi. In kuwa ba gaskiya ba ne, Allah Ya yafe mini, Ya ba ni numfashin da zan je in roƙe shi gafara.

Ɗanki da bai cika alkawari ba,
Sani